Talatin da Shida da Ɗigo Huɗu

"…Ya ƙarin haƙurinmu, Hajiya?"

"Da godiya, Halliru. Ya aiki? Ya mutan gidan?"

"Lafiya ƙalau. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta."

"Amin, amin. Wannan injin fa da ka sauke? Me za a yanka?"

Na sunkuya ina warware wayar da ba ta harɗe ba. Ni mai walda ne, shagona yana Sabon Gari a nan Wudil, kuma a sana'ata na koyi cewa idan tsohuwa ta yi maka tambayar da ta san amsarta, to ba kai ake nema ba.

Filin lilon da muke tsaye a ƙofarsa na mijinta ne, marigayi Malam Maikano. Ya buɗe shi shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, shekarar da aka haifa musu jikansu Ikrima. Ba wani katafaren wuri ba ne: lilo shida, sulu biyu, dawakin ƙarfe masu juyi da ake turawa da hannu, sai wani lilo guda mai kujera biyu suna fuskantar juna, wanda yara suke kira kwale-kwale. Korona ta zo aka garƙame filin tun kafin azumi. Cikin azumin kuma, lokacin da aka yi ta rasa tsofaffi, Malam ya bi sahu. Hajiya Ladi ta shiga takaba, ba ta gama ba sai shekaranjiya. Ikrima kuwa, da yake jami'a na rufe, shi ya karɓi filin, ma'aikatan lafiya suka ba shi takardar sharuɗɗa, ya sa ranar buɗewa Asabar. Ni kuma ya kira ni ran Alhamis in yanke kwale-kwalen nan gunduwa-gunduwa, a ba 'yan gwangwan. Ban so aikin ba, amma ba a tambaye ni ba.

Muna nan sai ga shi ya taho daga ciki, gwangwanin fenti a hannu, tun safe yana cikin rana yana zana fararen da'irori a ƙasa.

"Dakata nan, tsohuwa! Kar ƙafarki ta tsallake farin layin nan."

"Ikon Allah. Wata huɗu da kwana goma ban ga titi ba, yau na fito, abin da zan fara cin karo da shi ɗan sandan fenti. Haka ake tarbar amarya a garinku?"

"Wace amaryar? Wadda ta gama takabar wani shekaranjiya? Ai ni na fasa. Da ma takarar don in ɓata wa tsohon rai nake yi. Yanzu da ya janye ya bar min fili, na duba kayan da kyau, na ga ba riba."

"Kai ne ka fasa? Da me ka nema? Miji ba cefane, ba gemu, makarantar ma an koro ku kun dawo kuna cinye mana tuwo."

"Ba kora ba ce, kulle ne."

"Kulle! Kun yi na wata uku kun cika duniya da kuka. Ni na yi nawa cif, ban ji an faɗa a rediyo ba. Matsa in wuce."

"Ba wucewa sai an cika sharaɗi. Na farko, ga bokiti mai famfo, ga sabulu, wanke hannu."

"Ni za ka koya wa wanke hannu? Sau biyar nake alwala a rana tun ubanka yana cin ƙasa."

"Alwala ba sabulu."

"Kai da ko sallar asuba sai an yayyafa maka ruwa."

Ta dai wanke, har gwiwar hannu, tana harararsa. Ya miƙo mata ƙyallen rufe baki da hanci daga nesa, a kan tsinken fenti.

"Na biyu, takunkumi."

"Takunkumi? A garinmu jaki ake sa wa, don kar ya ci dawar mutane."

"To ai shi ya sa. Tun ina yaro ba a ajiye ƙuli-ƙuli a gidan nan ya kwana."

"Da wane haƙorin, ja'iri?"

"Au, kin yarda ba haƙori? Halliru, ka zama shaida, za a neme ka nan gaba kaɗan."

Na ce ni ƙarfe na zo yanka, ban zo shari'a ba. Ta ɗaura takunkumin a kan mayafinta, ya karkace, kunne ɗaya a ciki ɗaya a waje.

"Na uku, tazara."

"Tazarce? Wanda aka yi ta rigima a kai tun zamanin soja? Ashe bai mutu ba?"

"Ta-za-ra. Mita biyu tsakanin mutum da mutum. Kin ga da'irorin nan? Kowane yaro ya tsaya a cikin tasa, har layi ya zo kansa."

"Yaran Wudil? Ran Asabar? Su tsaya cikin zane kamar 'yan dara? Allah Ya ba ka lafiya, maigida."

"Za su tsaya. Mutum ashirin-ashirin zan riƙa shigarwa, in suka fita a goge ƙarafa a shigo da wasu. Rigakafi ya fi magani."

"To na ji. Na wanke, na ɗaura, na yi tazarce. Matsa."

"Saura na huɗu." Ya zaro takardar daga aljihu ya buɗe, ya gyara murya. "Duk wanda ya haura shekara sittin, kar ya shiga taro. Sai ki juya, Ladi, a gaida gida."

"To ina ruwana da wannan? Ka faɗa wa tsofaffi."

"Shekarunki nawa?"

"Arba'in da 'yan kai."

"'Yan kan sun kai talatin."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"Da bakinki kika gaya min ranar da aka yi canjin hannu, motoci suka koma tuƙin dama, kina amarya, har motar kai ki ta kusa karo a kan gada."

"A ciki na ji labarin."

"A cikin wa?"

"A cikin ɗaki, mara kunya. Ai ba ka bari na ƙarasa ba."

"Kin ga, tsohuwa, ki rufa wa kanki asiri. Gumbar tsohon ma ba ta ishe mu ba, kar ki ja a ce mun matsu da taki."

"Tawa gumbar ba za ka ci ba. Na bar wasiyya a ba almajirai da kaji, kai a ba ka turmin ka wanke."

Sai ta daina dariya, ta nuna injina da haɓa.

"Labari ya iske ni har ɗaki. An ce ka kira mai walda a yanka kwale-kwalen Malam."

"Doka ce. Takarda ta ce duk abin hawan da mutum biyu za su zauna fuska da fuska, in tsakaninsu bai kai mita biyu ba, a cire shi."

"Ka auna?"

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"Idon da bai ga amarya ba tana tsaye a gabansa? Ba za a yanka ba."

"Ke da ko shiga ba za ki yi ba."

Daga nan ya tuna da sharaɗin da ya fi ji da shi. Ya koma ya ɗauko farar na'urar nan ta auna zafin jiki, wadda kowa yake kira bindiga, ya miƙe hannu ya saita goshinta.

"La'ilaha illallahu! Halliru, kana gani zai harbe ni a kan gado."

"Wane gadon? Tabarma biyu da carbi? Tsaya cak. In ya kai talatin da takwas, ko shekararki ashirin ba ki shiga."

Abin ya yi ƙara. Ya duba, ya karanta da ƙarfi don in ji.

"Talatin da shida da ɗigo huɗu."

Hajiya Ladi ta tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Ka ji ko? Talatin da shida! Ashe ma ƙara wa kaina nake yi."

"Zafin jiki ne, ba shekaru ba."

"A'a, kar ka sauya magana. Kai ka tambayi shekaruna, na faɗa ka ƙaryata, ka ɗauko injin Bature ka ɗora min a goshi, ya ce talatin da shida da wata huɗu. Wata huɗun ma na takaba ne. Halliru, injin nan yana ƙarya?"

Na ce ni dai ban taɓa jin an kama shi da ƙarya ba.

"To ba ni nan in gwada mai dokar."

"Ba a taɓa min kayan aiki."

"Wanzami ba ya son jarfa. Halliru, karɓi ka harbe shi."

Na karɓa. Gaskiya da biyu na karɓa, don tun safe yaron nan yake ba ni umarni kamar shi ya koya min walda. Na saita goshinsa da ya sha rana yana ta naso, na danna. Abin ya yi wata irin ƙara daban, fuskar na'urar ta koma ja.

"Nawa?" in ji Hajiya.

"Talatin da takwas da ɗigo ɗaya."

"Masha Allah! Ya girme ni da shekara biyu. Daidai miji da mata ke nan, ba mai cewa na auri yaro."

"Rana ce! Tun ƙarfe bakwai nake cikin rana!"

"Takardar ta ce ban da wanda ya sha rana? Karanta min wurin."

Ya duba takardar, ya juya bayanta.

"Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Fito waje, maigida. Tsallako layin. Yauwa. Ga da'ira nan, shiga ciki ka tsaya, kar ka shafa wa mutane."

Wallahi sai da ya fito. Ta ratsa ta gefensa, har da ba shi tazarar da ta fi mita biyu, ta shige filin tana ɗingishinta, ta ce in biyo ta da abin awona. Mai fili yana waje cikin da'ira yana leƙe ta saman wayar shinge, mu muna ciki.

Kwale-kwalen yana can ƙarshe ƙarƙashin darbejiya, ciyawar damina ta kusa cinye ƙafafunsa. Ta tsaya ta dube shi ɗan lokaci. Sannan ta naɗe hannun rigarta, ta ɗora gwiwar hannunta a bakin kujera ɗaya, ta shimfiɗa hannun har ƙarshen yatsa.

"Ɗaya."

"Me kike yi?" Ikrima ya ɗaga murya daga waje.

"Awo nake, injiniya. Biyu. Abin da ka je jami'a shekara uku ba a koya maka ba. Uku. Huɗu." Ta buɗe tafin hannu ta ɗora daga babban yatsa zuwa na tsakiya. "Da taƙi ɗaya. Kamu huɗu da taƙi."

"Ba a san kamu a takarda ba. Wannan awon masu sayar da yadi ne."

"Halliru, ja naka."

Na ja tef daga bakin kujera zuwa bakin kujera. Na sake ja, don kar a ce na yi son kai.

"Mita biyu," na ce, "har da ɗoriyar inci ɗaya."

"Ƙarya ne!"

"Zo ka gani. Au, na manta, ba ka da lafiya."

Ina durƙushe a wurin sai idona ya kai kan wani abu. A tsakiyar ƙarafan ƙasa, ƙarƙashin fenti kusan hawa goma, akwai tsohon ɗinkin walda guda biyu a kowane gefe. An taɓa yanka abin nan biyu an ƙara masa tsawo. Aikin hannu ne mai kyau, irin na mutanen da, ba irin na yanzu da ake ɗiga wuta a gudu ba. Na faɗa mata.

"Ai na sani, a gabana aka yi. Shekarar da aka buɗe, gajere ne, gwiwa tana taɓa gwiwa. Dattawan unguwa suka zo suka ce Malam ya kafa wurin da samari da 'yan mata za su riƙa haɗa gwiwa, sai ya cire. Ya ce ba zai cire ba, zai dai raba su. Ya kira mai walda, ya ce in zo in auna, don shi hannunsa ya cika tsawo. Na auna kamu huɗu, ya ce in ƙara taƙi saboda masu dogayen ƙafa." Ta juya wajen ƙofa. "Ka ji, ɗan boko? Kana cikin zanen goyo muka yi tazararmu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi."

Ikrima ya je bokitin nan ya wanke fuska, ya zauna a inuwar katanga. Bayan kamar minti goma ya ce in zo in sake harbinsa. Talatin da shida da ɗigo takwas.

"Ya dawo sa'ana," in ji Hajiya. "Bar shi ya shigo."

Ya shigo, ya karɓi tef ɗin ya auna da kansa, ya sake shi ya naɗe. Ya tsaya yana kankare fentin da ya bushe a yatsunsa.

"Na san ya kai," ya ce. "Tun ran Litinin na auna."

Ni da ita muka dube shi.

"To don me ka ɗauko bawan Allah da injinsa?"

"Don na san ki. In dai abin nan yana nan, kullum sai kin zo. Ki zauna a nan cikin yara ɗari, wannan ya yi tari, wancan ya rungume ki. Cikin azumi mutum nawa muka kai a layinmu, Hajiya? Ni na riƙe makarar Malam ta gaba. Ba zan iya riƙe wata a shekarar nan ba. Tsoro nake ji, shi ke nan."

Tunda nake da yaron nan ban taɓa jin ya kira ta Hajiya ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni, na ji kunyar harbin da na yi masa da gayya.

Hajiya ta gyara takunkumin da ya zame, wannan karon ta sa kunnen biyu daidai.

"Kai dai wawa ne, kamar kakanka. Shi ma in yana tsoron abu sai ya ɗauko guduma. Wa ya ce maka yara na zo gani? Yaran da suka ƙi gaishe ni wata huɗu? Ƙarfe nawa za ka buɗe?"

"Goma."

"To ni bakwai zan zo. Kafin tara na tafi. Daga ni sai tsuntsaye, in sun yi tari ka auna su."

"Kullum da takunkumi."

"Kamar jakin kirki."

"Ran Juma'a ba fita, garin cike yake da 'yan kasuwar shanu."

"Ji mulkin mallaka. To na yarda. Riƙe min in hau."

Ya riƙe ƙarfen, ta taka a hankali ta zauna a kujerar da ke kallon gabas, ba tare da ta duba ba, yadda mutum yake zama a wurinsa. Kwale-kwalen ya rinjaya gefenta. Ba ya tafiya da mutum ɗaya, kowa a Wudil ya san haka.

"Me kake jira? Sai na aiko maka da goron gayyata?"

"Ai na ce na fasa."

"Injin Bature ya riga ya ɗaura aure. Hau."

Ya hau ɗaya kujerar. Na ɗan tura musu, ƙarfen ya yi ƙara irin ta abin da ya yi wata shida bai motsa ba. Suka tafi, suka dawo. Sai dai bai daidaita ba, gefen Ikrima yana sama, nata yana ƙasa.

"Shekara ashirin da ɗaya," ta ce, "gefen can na Malam bai taɓa ɗagawa sama ba sai yau."

Ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta ce fentin nan nasa yana da yaji.

Ikrima ya laluba aljihu ya ciro wani mabuɗi mai igiyar fata da ta yi baƙi don tsufa. Na gane shi, mabuɗin ƙofar filin ne na Malam, kullum yana rataye a wuyansa. Ya goge shi da man tsabtace hannu, ya miƙa, hannunsa bai kai ba. Ita ma ta miƙo, bai kai ba. Ya yi dariya har takunkuminsa ya zame.

"Kin ci zaɓe, tsohuwa. Ga shi, sadakinki ke nan, kar ki ƙara tambayata cefane." Ya cilla mata a cinya. "Halliru, mayar da injin. Gobe ka zo da man giris."

Ta ɗauki mabuɗin ta rataya a wuya, ta tura shi cikin riga.

"Na karɓa, ba don ka isa ba. Amma ka riƙa cin tuwo, maigida. Kujerar nan ba ta saba da mara nauyi ba."